Dogaye muke fitarwa, madugu muke arowa: Musun gurbi a ƙwallon kwando ya iso New Bell

A watan Nuwamban 2025 hukumar gasar NBA ta Amurka ta sanar cewa a wasan taurari na Fabrairun 2026 za a zaɓi 'yan wasa 24 ba tare da duba gurbin da kowa yake bugawa ba. Ko dogaye ne suka yi rinjaye, ko matsakaita, wanda aka ga ya cancanta shi zai shiga. Wata uku kafin wannan sanarwa, a Luwanda, tawagar Kamaru ta yi rashin nasara a hannun Angola da maki ɗaya tak, 74 da 73, a wasan kusa da na ƙarshe na gasar AfroBasket. Angola ta wuce ta ɗauki kofinta na 12, kuma wanda aka ba kyautar gwarzon gasar shi ne Childe Dundão, mai jan ragamar wasanta, wanda tsawonsa mita 1.67 ne. A wasan da ake rataye kwando a mita 3.05, gajeren mutum ne ya tafi da kambi.

Labaran nan biyu sun ƙara wa wani tsohon musu wuta a majalisun unguwa, daga teburin mai shayi zuwa shagunan tela na Kasuwar Kongo. Matasan da ke kallon guntayen wasannin NBA a waya bayan Asuba, tunda wasan kansa sai ƙarfe ɗaya ko biyun dare yake farawa a agogonmu, suna cewa zancen gurbi ya mutu: ga Pascal Siakam nan ɗan Duwala, ka faɗa mana lamba nawa yake bugawa? Manyan da suka taɓa buga wasan a lise kuwa suna cewa 'yan wasa biyar kamar yatsun hannu suke, babban yatsa ba ya aikin ƙarami.

Ni abin da na gani shi ne sunan gurbi ne ya rasa daraja, ayyukan da aka raɗa wa sunayen suna nan daram. Kuma bambancin ya wuce musun shayi, domin shi ne yake yanke wane yaro a New Bell za a ce masa zo ka gwada, wane kuma za a ce masa je ka buga tamaula.

Gurabe biyar, ga wanda ya saba da tamaula

Yawancinmu da ƙwallon ƙafa muka tashi, saboda haka bari in yi bayani a taƙaice. Kowace ƙungiya mutum biyar take sawa a fili. Lamba 1 shi ne wanda masu Faransanci ke kira meneur. Shi ke ɗauko ƙwallo daga baya, ya tsara hari, ya raba wa kowa nasa. Ni madugu zan riƙa kiransa, don aikinsa irin na madugun ayari ne: ya san hanya, ya san lokacin sauri da lokacin sassautawa. Lamba 2 da lamba 3 'yan gefe ne, masu jifa daga nesa da kutsawa ciki. Lamba 4 ƙaƙƙarfa ne mai aiki kusa da kwando. Lamba 5 shi ne pivot, wanda ya fi kowa tsawo, mai tsare bakin kwando da cafke ƙwallon da ta kuskure. Wannan zan ce masa ginshiƙi.

Dokar wasan ba ta san ko ɗaya daga cikin sunayen nan ba. A tamaula gola yana da dokarsa, yana da rigarsa, shi kaɗai yake taɓa ƙwallo da hannu. A ƙwallon kwando duk biyar ɗin doka ɗaya ce ta hau kansu. Masu koyarwa ne suka raba aiki gwargwadon tsawon mutane, aka saba, har aka ɗauka farilla ce.

Abin da ya rushe katangar

Layin maki uku ya shiga NBA a kakar 1979-1980, hukumar duniya FIBA ta karɓe shi a 1984. A kakar farko, ƙungiya ba ta kai jifa uku daga bayan layin a wasa guda ba. A kakar 2024-2025 matsakaicin ya haura 37, Boston Celtics kuwa ta wuce 48. Lissafi ne ya kawo haka. Mai jifan maki uku da ke ci sau 4 cikin 10 ya tara maki 12, daidai da mai jifan maki biyu da ke ci sau 6 cikin 10. Da masu ƙungiyoyi suka gane haka, sai kowa ya ja da baya zuwa bakin layi, tsakiya ta buɗe. Dogon da ya saba tsayawa ƙarƙashin kwando kamar turke, dole ya fito ya bi abokin karawarsa waje, in kuwa ƙafarsa tana da nauyi, a nan za a ci kasuwarsa.

Dokoki ma sun taimaka. A 2001 NBA ta halatta tsaron yanki maimakon kowa da nasa mutum, a 2004 kuma ta tsananta hana ɗora hannu a jikin mai jan ƙwallo, abin da ya ba masu sauri dama. A wasan ƙarshe na 2015, kocin Golden State, Steve Kerr, ya ajiye dogonsa Andrew Bogut a benci, ya sa Draymond Green mai mita 1.98 a gurbin ginshiƙi, suka ɗauki kofi. Tun daga nan kowa ya fara cewa zamanin lamba 5 ya ƙare.

To amma fa abin ba sabo ba ne. Tun a 1980 Magic Johnson, madugun Lakers mai mita 2.06, ya fara wasa na shida na ƙarshen gasa a gurbin ginshiƙi saboda Kareem Abdul-Jabbar ya ji rauni, ya ci maki 42. Abin da ya canza shi ne yawa. A da mutum ɗaya ake samu cikin zamani mai iya haka, yanzu kowace ƙungiya irinsa take nema.

Embiid ya biya kuɗin suna

Masu cewa a jefar da sunayen gurbi suna da hujja mai ƙarfi, kuma ɗan ƙasarmu ne hujjar. A ƙarshen kowace kaka NBA tana fitar da jerin zarata da ake kira All-NBA, sahu uku, kowane sahu mutum biyar. A tsohon tsari, gurbin ginshiƙi ɗaya ne a kowane sahu. A 2021 da 2022 Joel Embiid, haifaffen Yawunde, ya zo na biyu a zaɓen gwarzon shekara, wato duk gasar mutum ɗaya ne aka ga ya fi shi. Duk da haka sahu na biyu aka sa shi a jerin zarata, domin wanda ya fi shin, Nikola Jokic na Denver, shi ma ginshiƙi ne, kujerar kuma ɗaya ce. A 2023 abin ya juya: Embiid ya zama gwarzo, Jokic ya sauka sahu na biyu, alhali shi ne ya kai Denver ga kofi a shekarar.

Kar ka ɗauka yabo ne kawai. Shiga jerin nan yana iya ɗaga mafi girman albashin da ɗan wasa zai nema daga kashi 30 zuwa kashi 35 cikin ɗari na ƙa'idar kuɗin da aka yanke wa ƙungiya, kuma wannan bambanci miliyoyin daloli ne. Shi ya sa a yarjejeniyar 2023 tsakanin hukumar da ƙungiyar 'yan wasa aka cire gurbi daga zaɓen, aka sa sharaɗin buga wasa 65. Tun a 2012 dama an goge sunan ginshiƙi daga takardar ƙuri'ar wasan taurari. Sanarwar Nuwamban 2025 ƙarashe ce kawai.

A nan ina tare da matasa. Wajen raba kyauta, sunan gurbi zalunci yake haifarwa. Sai dai mu lura da abu ɗaya: a daidai shekarun da ake ta yi wa lamba 5 jana'iza, daga 2021 zuwa 2024, duk gwarzayen shekara huɗu ginshiƙai ne, Jokic sau uku, Embiid sau ɗaya. Abin da ya faru shi ne ginshiƙin ya ƙara wasu ayyuka a kan nasa. Embiid ya fi kowa cin maki a 2022, ginshiƙi na farko da ya yi haka tun Shaquille O'Neal a 2000. Jokic kuwa a kakar 2024-2025 yana miƙa ƙwallon da ake ci fiye da sau 10 a kowane wasa, aikin da aka sani na madugu.

Gwajin ɗan Zariya

Raba kyauta daban, cin wasa daban. Wanda ya gwada zancen "babu gurbi" a fili har ƙarshensa mutum ne da Hausawa za su iya cewa nasu ne: Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya shugabanci Toronto Raptors har zuwa Yunin 2025. Shi ne ya zaɓi Siakam na 27 a 2016.

Ƙungiyar da ta ɗauki kofi a 2019 kowa ya san aikinsa a cikinta. Kyle Lowry da Fred VanVleet ke jan ragama, Marc Gasol da Serge Ibaka ɗan Barazabil ke tsare kwando, Kawhi Leonard ke ci, Siakam yana gudu yana cike duk inda aka bari. A wasan farko na ƙarshen gasa ya ci maki 32, jifa 14 cikin 17 suka shiga.

Bayan manyan sun watse, Toronto ta ɗauki wata hanya. Ta tara samari masu tsawo kusan ɗaya, tsakanin mita 2 da 2.06: Siakam, OG Anunoby, Scottie Barnes, Precious Achiuwa, Chris Boucher. Dabarar ita ce kowa ya iya tsare kowa, kowa ya iya ɗauko ƙwallo. Siakam mai mita 2.03 ya sha tsayawa a gurbin ginshiƙi, a wasa guda kuma ka gan shi yana tsara hari. Kaka biyu a jere shi ne ya fi kowa a gasar yawan mintuna a kowane wasa.

Da farko abin ya yi kyau, suka ci wasa 48 a kakar 2021-2022. Sai zagayen fidda gwani ya haɗa su da Philadelphia, ɗan Duwala da ɗan Yawunde gaba da gaba. Toronto ba ta da mai girman Embiid, dole mutum biyu ko uku su taru a kansa, wani ya zauna babu mai tsaro. A wasa na uku Embiid ya kashe su da jifan maki uku a ƙarin lokaci. Philadelphia ta wuce da ci 4 da 2. A kaka ta gaba ramin ya ƙara fitowa, har a Fabrairun 2023 Toronto ta ba da ɗan wasa da damar zaɓen sabbin 'yan wasa ta dawo da Jakob Poeltl daga San Antonio, ginshiƙi na tsohon yayi, wanda ba ya jifan nesa kwata-kwata. Ba don ado aka sayo shi ba.

Houston ta yi irin wannan a Fabrairun 2020, ta sallami dogonta Clint Capela ta sa P.J. Tucker mai mita 1.96 a tsakiya. Lakers ta fitar da ita 4 da 1. Oklahoma City kuwa da Dallas ta fitar da ita a 2024, sai ta ɗauko Isaiah Hartenstein a kan dala miliyan 87 na shekara uku, ta haɗa shi da Chet Holmgren, dogaye biyu. Shekara ta zagayo suka ɗauki kofi.

Daren da madugu ya faɗi

Wannan kofi na 2025 ya yi wa mutanen Duwala ciwo, don daga hannun Siakam aka karɓe shi. Tun da aka mayar da shi Indiana a Janairun 2024, ya samu abin da ya rasa a ƙarshen zamansa a Toronto: madugu na gaske, Tyrese Haliburton, da ginshiƙi, Myles Turner. Da nauyin ya ragu a kansa, sai ya koma yin abin da ya fi iyawa. Ya ci maki 39 a wasa na biyu da New York, ya ƙare a matsayin gwarzon wasannin ƙarshe na yankin Gabas.

Ranar 22 ga Yunin 2025, a wasa na bakwai da Oklahoma City, jijiyar agarar Haliburton ta tsinke tun a rubu'in farko. Indiana ta daure, har ta tafi hutun rabin lokaci tana gaba da maki ɗaya. Bayan an dawo, sai ƙwallo ta riƙa suɓucewa, aka ƙwace musu ita ko suka yar da ita fiye da sau 20 a wasan, suka sha kashi 103 da 91. Siakam yana fili, sauran masu ci suna fili, mai haɗa su ne babu. Turner ya koma Milwaukee a watan Yuli, Haliburton ya shiga jinya, kuma Indiana ta fara kakar 2025-2026 cikin ƙungiyoyin da ke can ƙasan tebur.

Saboda haka idan matashi ya tambaye ni lamba nawa Siakam yake bugawa, amsata ita ce ba shi da lamba, amma yana buƙatar masu lamba a gefensa. Ayyuka uku ne ba a taɓa cin kofi babu su ba: a samu mai kawo ƙwallo lafiya ya buɗe tsaro, a samu mai jifa daga nesa, a samu mai hana abokan gaba shiga bakin kwando. Ko wa zai yi su, ko nawa ne tsawonsa, wannan ya rage ga koci. Sai dai a yi su.

Mu 'yan New Bell bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Samuel Eto'o, wanda ya tashi a unguwar nan, lamba 9 ne cikakke. A Afrilun 2010 a Camp Nou, da aka kori Thiago Motta, Eto'o ya koma gefe yana aikin mai tsaron baya, Inter Milan ta tsallake ta je ta ɗauki kofin zakarun Turai. Babu wanda ya fito ya ce gurbin mai tsaron baya ya mutu a daren. Aikin yana nan, gwani ne ya karɓe shi.

Bakwai, duk dogaye

Yanzu mu dawo gida, inda abin ya shafe mu kai tsaye. Duba waɗanda suka tashi a Kamaru suka kai NBA. Ruben Boumtje-Boumtje ɗan Edeya, wanda Portland ta zaɓa a 2001, mita 2.13. Luc Mbah a Moute, 2008, mita 2.03. Embiid, 2014, mita 2.13. Siakam, 2016. Christian Koloko, shi ma haifaffen Duwala, 2022. Yves Missi da Ulrich Chomche ɗan Bafang, 2024. Cikin bakwai ɗin nan babu wanda bai haura mita biyu ba, biyar daga cikinsu ginshiƙai ne, babu madugu ko ɗaya.

Ga ɗaya gefen kuma. Dokar FIBA mutum ɗaya ta yarda tawagar ƙasa ta sa cikin waɗanda aka ba takardun zama ɗan ƙasa. Lokacin da Kamaru ta je Riga a Yulin 2024 neman gurbin Olamfik, ta doke Barazil kafin Latbiya ta tsayar da ita, wa aka ba wannan kujera ɗaya tilo? Jeremiah Hill, haifaffen Amurka, madugu. Ba laifinsa ba ne, ya yi aikin da aka kira shi dominsa. Amma ƙasar da ke ba Amurka dogaye ita ce take aro mai jan ragama daga Amurka.

Ruwa ba ya tsami banza. Dogo yana iya fara wasan a makare. Embiid wasan bolibol yake yi, sai da ya kai shekara 15 ya fara ƙwallon kwando. Siakam yana makarantar horon limaman coci a Bafiya, ya kusa 17 kafin ya riƙi wasan da gaske. Dukansu a sansanin horon Mbah a Moute aka hango su. Mai neman 'yan wasa da ya zo na kwana uku, abin da idonsa zai iya aunawa shi yake ɗauka: tsawo, tsawon hannu, tsalle, gudu. Sauran za a koya maka a can.

Madugu ba ya samuwa haka. Sai yaro ya riƙe ƙwallo tun yana shekara bakwai ko takwas, ya yar da ita sau dubu, ya buga wasanni masu yawa da waɗanda suka fi shi, har idonsa ya saba ganin gurbin da zai buɗe kafin ya buɗe. Wannan yana buƙatar fili a kusa da gida, da koci mai haƙuri, da gasar yara da ba ta yankewa. Tamaula duwatsu biyu da lungu sun ishe ta. Ƙwallon kwando sai da daɓe mai laushi da kwando a sama, ga damina a Duwala da ke cinye watanni. Akwai zauren wasa a Japoma, amma yaron New Bell sai ya keta gari kafin ya kai, kuma kuɗin bensikin na zuwa da dawowa ba kowane gida ke da shi kullum ba.

Ba Kamaru kaɗai ba ce. A gasar BAL ta ƙungiyoyin Afirka, wadda FAP ta Yawunde ta zo ta huɗu a cikinta a 2022, gwarzaye biyu na farko, Walter Hodge na Zamalek a 2021 da Michael Dixon na Monastir a 2022, duk masu jan ƙwallo ne da aka ɗauko daga waje. Sai a 2025 Jean Jacques Boissy ɗan Senegal ya karɓi kyautar. Shi da Dundão na Petro de Luanda a gasar gida suka goge. Gani ya kori ji: inda ake da gasar cikin gida mai rai, madugu yana tsirowa.

Tarkon da ke cikin kalmar

Akwai wani abu da matasanmu ba su cika lura da shi ba idan suna murnar cewa gurbi ya mutu. A bakin masu ƙungiyoyin NBA, ma'anar maganar ita ce a samo dogon da ya iya aikin gajere. Victor Wembanyama na San Antonio ya haura mita 2.20, yana jan ƙwallo, yana jifan maki uku. Haliburton kansa mita 1.96 ne, gwarzon 2025 Shai Gilgeous-Alexander mita 1.98. A da lamba 1 ita ce ƙofar da aka bar wa gajere. Da aka ce kowa ya buga ko'ina, dogaye ne suka shigo ɗakinsa, shi kuwa babu yadda zai shiga nasu.

Idan muka kwafo wannan kalma yadda take muka kawo unguwa, barna biyu za ta yi. Yaro matsakaici, wanda shi ne mafi yawan yaranmu, za a ce ba shi da jikin wasan. Dogon kuma, wanda iyayensa suka fara jin ana cewa "wannan ai na Amurka ne", zai raina aikin bakin kwando ya tsaya waje yana jifa kamar yadda ya gani a waya, ya tashi bai iya wannan ba bai iya wancan ba. Tsohon tunanin ma da tasa barnar: koci ya ga yaro ya fi sa'o'insa tsawo a shekara 12, ya kafa shi ƙarƙashin kwando ya hana shi taɓa ƙwallo a waje. Yaron ya tsaya da girma a mita 1.88, ya wayi gari ya yi wa ginshiƙi kaɗan, kuma ba a koya masa komai ba bayan haka.

Abin da ke hannunmu

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A ganina, kafin yaro ya kai shekara 14 ko 15 bai kamata a raɗa masa lamba ba. Dogo da gajere, mace da namiji, kowa ya koyi jan ƙwallo da hannu biyu, da miƙawa, da jifa, da tsaro. Bayan nan, idan jiki ya tsaya kuma baiwa ta bayyana, sai kowa ya kama aikin da zai ƙware a kai, don a matakin ƙwararru ba a biyan mutum saboda ya iya komai sama-sama. Hakeem Olajuwon, ɗan Legas da ya kai Houston ga kofi a 1994 da 1995, wanda aka ba kyautar gwarzon wata a Fabrairun 1995 yana cikin azumin Ramadan, gola ne a tamaula kafin ya san kwando, kuma ya sha danganta iya takunsa da ƙwallon ƙafa. Bidiyoyinsa Embiid ya yi ta kallo yana koyo. Wato sauƙin ƙafar da yaranmu ke samu a lungu jari ne, ba asara ba.

Matsalar fili ma tana da mafita daidai ƙarfinmu. Cikakken fili mita 28 ne da 15, kuma kowa ya san samun irin wannan sarari a New Bell sai an sha wuya. Amma akwai wasan uku-da-uku, wanda ya shiga Olamfik tun wasannin Tokiyo: kwando ɗaya, fili mita 15 da 11, daƙiƙa 12 ake ba ƙungiya ta yi jifa, wasa ya ƙare a minti 10 ko a maki 21. Farfajiyar makaranta ta isa. A irin wannan wasa babu inda yaro zai ɓuya. Dogo dole ya ja ƙwallo, gajere dole ya yi tsaro a bakin kwando. Babu makarantar madugu da ta fi ta arha.

Kirana ga masu makarantun Faranko-Arab, da shugabannin unguwa, da 'yan kasuwarmu da ke ɗaukar nauyin gasar tamaula a lokacin hutu: daɓe guda da kwando guda ba su fi ƙarfinku ba. Ofishin magajin gari na Duwala ta Biyu da hukumar FECABASKET su ma suna da rawar takawa, musamman wajen horar da masu koyarwa da shirya gasar yara da za ta ɗore. Iyaye kuma, duk wanda ya zo ya auna ɗanku da tef ya fara zancen Amurka, ku tambaye shi makarantar da yaron zai shiga da abin da zai koya, kar ku tsaya a kan tsawo.

Ba ina cewa New Bell za ta cika NBA da 'yan wasa ba ne. Ƙungiyoyi 30 ne kacal a gasar, duniya duka tana rububin kujerun. Amma akwai gasar Kamaru, akwai BAL, akwai ƙungiyoyin Turai da na ƙasashen Larabawa, akwai karatu kyauta da wasan ke jawowa, akwai kuma tawagar ƙasa da maki ɗaya ya hana ta wasan ƙarshe a Luwanda. Dogaye muna da su, Allah Ya hore mana, duniya ma ta shaida. Abin da babu wanda zai zo daga waje ya raina mana shi ne yaron da zai riƙe ƙwallo a daƙiƙa goma na ƙarshe, ya san hannun da zai sa ta. Wataƙila yanzu haka yana nan a lungun bayan babban masallaci, mita ɗaya da rabi, an riga an ce masa wasan ba nasa ba ne. Allah Ya sa mu gane shi da wuri.